Littafin gwajin harsasan farauta: gudu da buɗewa

6 ga Janairu

Barewa biyu ne suka sa na buɗe wannan littafi. Ta farko na harbe ta a kusa, bai fi taku sittin ba, da harsashi na yau da kullum mai bakin dalma. Ya faɗa kan ƙashin kafaɗa ya tarwatse, ya ɓata naman gefen nan gaba ɗaya, amma bai shiga ciki yadda ya kamata ba, sai da na ƙara mata na biyu. Takaicin wannan ya sa na koma harsashin jan ƙarfe zalla, wanda ba ya wargajewa. Ashe gudun gara na yi, na faɗa gidan zago. Barewa ta biyu daga nesa ƙwarai na harbe ta. Na tabbata na same ta inda na auna, amma ta zabura kamar ba a taɓa ta ba. Tun hantsi muke bin sawunta har rana ta yi sanyi kafin mu iske ta kwance, kuma da muka feɗe, ramin da harsashin ya bari kamar an soka basilla ne: ƙofar shiga da ta fita kusan ɗaya. Awannin da dabbar nan ta yi tana jin jiki su ne har yau suke hana ni sakat.

Bindiga ɗaya ce a duk harbin biyu, mai cin harsashin da ake kira .308 Winchester. Mu maharba bakinmu ya saba da gudun da aka buga a jikin kwali, wato gudun harsashi a bakin bindiga, alhali dabba ba a nan take tsaye ba. Abin da nake so in gani da idona shi ne yadda kowane irin harsashi yake buɗewa a gudun da ya rage masa lokacin da ya isa jikin nama.

Na zaɓi iri huɗu, duka masu nauyin giren 150, wato giram 9.7: na yau da kullum, mai shamaki a tsakiya, wanda aka like dalmarsa da rigarsa, sai na jan ƙarfe zalla. Kayan aiki: na'urar auna gudun harsashi, ƙaramin sikeli, ma'aunin kauri, da tudun ƙasa mai kauri a bayan duk abin da zan harba.

13 ga Janairu

Kafin in harba ko ɗaya, na ɗaure kowanne a matsi na goge shi da magagari har rabinsa ya tafi, domin in ga cikinsa. Na jera su huɗu a kan farar takarda, na daɗe ina kallo.

Na yau da kullum kofi ne na jan ƙarfe da aka cusa wa dalma. Rigar garwaye ce, kashi 95 jan ƙarfe, kashi 5 tutiya. Siririya ce a wajen baki, tana ƙara kauri zuwa gindi, kuma babu abin da ya riƙe dalmar sai matsi. Da na sa bakin allura a tsakaninsu, dalmar ta motsa. Masu ƙera harsashi sun daɗe da sanin wannan rauni, shi ya sa tun 1939 masana'antar Remington ta fito da harsashin Core-Lokt, inda rigar ke yin kauri a tsakiya don ta kama dalmar.

Mai shamaki ya fi ba ni sha'awa. Ɗaki biyu ne na dalma, da bangon jan ƙarfe a tsakani, ta yadda na gaba zai baje ya zube, na baya kuma ya ci gaba da tafiya. John Nosler ne ya ƙera irinsa, mai suna Partition, bayan farautar da ya yi a Kanada a 1946, inda harsasansa suka riƙa fashewa a jikin wata ƙatuwar dabba mai caɓi a fata ba tare da sun shiga ba. Ya fara sayar da shi a 1948. Matsalata ta barewar farko ke nan, wani ya riga ni cin karo da ita shekaru da dama.

Likakken kuwa allura ba ta samu ko kafar shiga ba. Na jan ƙarfe ba shi da dalma ko ɗigo, sai wani siririn rami daga tsini zuwa wajen kashi ɗaya cikin uku na tsawonsa, da tsagi a ciki inda kunnuwansa za su yage. Masana'antar Barnes ce ta fito da irinsa na farko da ya karɓu, mai suna X, a 1989. Ya fi sauran tsawo a fili, domin jan ƙarfe bai kai dalma nauyi ba: giram 8.96 ne a kowane murabba'in santimita mai zurfi, dalma kuwa 11.34.

25 ga Janairu

Jalatin, wato garin da ake narkarwa a ruwa ya daskare ya zama tubali mai laushin nama don a gwada harsashi a cikinsa, ya ba ni wahala. Ƙa'idar da ake bi ita ce wadda likitan sojan Amurka Martin Fackler ya daidaita a shekarun 1980: kashi 10 garin jalatin, kashi 90 ruwa, a auna da nauyi, a harba shi yana da sanyin digiri 4. Kafin a yarda da tubali, sai an harba masa ƙaramar ƙwallon ƙarfe mai faɗin milimita 4.5 daga bindigar iska, da gudun mita 180 a sakan, kuma ta tsaya a zurfin santimita 8.5, da rangwamen santimita ɗaya sama ko ƙasa.

Tubalina na farko ƙwallon ta wuce haka da nisa. Na yi amfani da ruwa mai zafi fiye da kima wajen narkarwa, kuma na bar tubalin a waje ina shirya na'ura har ya fara laushi. Na narkar da shi na ajiye. Harsashin da aka gwada a tubali mai laushi zai nuna zurfin da ba shi da shi.

2 ga Fabrairu

Wannan karon na jiƙa garin a ruwan sanyi tukuna, na ɗumama a hankali, na kwashe kumfar sama, na bar shi kwana biyu a firiji. Ƙwallon ta tsaya cikin iyaka. Tubali huɗu sun samu, kowanne santimita 15 faɗi, 15 tsayi, 40 tsawo. Zan riƙa jera biyu biyu, domin ɗaya ba zai tsayar da harsashin bindigar farauta ba.

9 ga Fabrairu

Harbin farko, da cikakken gudu, daga mita 20.

Abu na farko da na'ura ta nuna mini shi ne bindigata ba ta kai abin da kwali ya ce ba. Kwali ya ce mita 860 a sakan, ni kuwa wajen 830 nake samu. Ba abin mamaki ba ne, domin galibi da bututu mai inci 24 ake auna na kwali, nawa kuma ya fi haka gajarta. Amma duk lissafin nisa da na taɓa yi a baya, a kan 860 na gina shi.

Na yau da kullum ya ɗaga tubalin sama har ya faɗo gefe. Da na ɗauke shi na haska da fitila ta baya, sai ga wani faffaɗan tsagi kamar ganye a cikin santimita goma sha biyar na farko, cike da ƙananan ɗigo masu toka-toka, kamar an watsa yashi. Rigar na same ta a wuri guda, a buɗe, a murɗe, ba komai a cikinta. Dalmar da ta rage ta yi gaba kaɗan ita kaɗai. Na haɗa abin da na iya tsinta na ɗora a sikeli, da ƙyar ya haura rabin nauyin asali. Barewar farko ce a gabana, a cikin tubali.

Mai shamaki ya buɗe da wuri kamar na farkon, ya zubar da dalmar gaba, rigar ta naɗe baya har bangon, gindin ya wuce cikin tubali na biyu a miƙe. Wajen kashi biyu cikin uku na nauyinsa ya rage, kamar yadda aka san irinsa da yi. Likakken ya fi kowa faɗin kai, ya zama kamar laimar kwaɗi, dalmar na manne da rigar har a gefen da ya naɗe. Saboda faɗin nan bai kai mai shamaki zurfi ba. Na jan ƙarfe ya buɗe kunnuwa huɗu masu kaifi, ɗaya har ya yanke ni a yatsa lokacin da nake ciro shi, nauyinsa kusan bai ragu ba, kuma shi ya fi kowa nisa.

16 ga Fabrairu

Ban harba komai ba yau, lissafi na zauna yi, domin ina so in fahimci abin da ke buɗe harsashi.

Nama mai laushi yawancinsa ruwa ne. Idan harsashi ya faɗa masa, ruwan ba ya samun sararin kaucewa da wuri, sai ya danne tsinin. Ƙarfin wannan danniya rabin nauyin ruwan ne sau gudu sau gudu. A gudun mita 800 a sakan, ya kai megafaskal (ma'aunin danniya) 320. A 550, ya sauko 151. A 400, saura 80. Wato idan gudu ya ragu da rabi, danniyar kashi ɗaya cikin huɗu ce ke saura. A da ina ɗauka harsashin da ya rasa kashi ɗaya cikin uku na gudunsa ya rasa kashi ɗaya cikin uku na aikinsa. Fiye da rabi ya rasa.

Dalma farce ma yana iya yi mata zane, don haka danniya kaɗan ta ishe ta ta fara bajewa, abin da ke tsare ta kawai rigar ce. Jan ƙarfe kuwa sai an matsa masa da gaske, kuma sai ruwan ya shiga siririn ramin nan ya tura bangon daga ciki. Kowane harsashi ke nan yana da ƙofa biyu. Ƙasa da ta farko ba zai buɗe ba, sama da ta biyu zai wargaje. Maƙeri yana iya matsar da su sama ko ƙasa da kaurin riga, taurin dalma da faɗin rami, amma samun harsashin da zai buɗe a hankali kuma ya jure gudu mai tsanani, shi ne abin da ake ta fama a kai tun zamanin Nosler.

1 ga Maris

Don in kwaikwayi nisa, na rage gudun daga bakin bindiga. Wannan aiki ne da ba a yin sa da ka. Rage albarushi mai jinkirin ci ƙasa da abin da littafin ɗura harsashi ya yarda yana da haɗari, kuma harsashi mai rauni yana iya maƙalewa a bututu. Abin da masu albarushin suka wallafa kaɗai na bi, kuma bayan kowane harbi sai na leƙa bututun.

A wajen mita 700 a sakan, duka huɗun sun yi kyau. Na yau da kullum bai rabu da rigarsa ba, ya yi kai mai kyau, kuma abin da ya ba ni mamaki, ya fi shiga zurfi a kan lokacin da yake da cikakken gudu. Da a wannan gudu kaɗai ake farauta, da babu dalilin sayen harsashi mai tsada.

15 ga Maris

Yau ce ranar da nake jira. Gudun mita 550 a sakan, wanda ya yi daidai da ƙafa 1,800 a sakan, adadin da masu ƙera harsashi da dama suke bayarwa a matsayin mafi ƙarancin gudun buɗewa.

Na yau da kullum ya buɗe, ba sosai ba, amma kansa ya yi faɗin da za a ce ya yi aiki. Mai shamaki ma haka, domin ɗakin gabansa mai laushi ne. Likakken ya naɗe kaɗan, kamar an dake bakinsa da guduma sau ɗaya. Na jan ƙarfe na ciro shi daga ƙarshen tubali na biyu, na ɗora a tafin hannu. Kunnuwan sun rabu, amma ba su kwanta baya ba, suna nan tsaye kamar furen da bai gama buɗewa ba. Na sa ma'auni: kaɗan ya ɗara faɗin gindinsa, wanda milimita 7.8 ne. Hanyar da ya bi a tubalin siririya ce, ba ta da faffaɗan tsagin nan da na gani a watan jiya.

Ba zan ce adadin 1,800 ƙarya ne ba, domin harsashin ya buɗe. Amma abin da mai ƙera yake nufi da buɗewa shi ne inda abin ya fara, ni kuwa a matsayina na maharbi ina bukatar inda ya kammala. Tsakanin waɗannan biyu akwai rata, kuma a cikinta barewata ta biyu ta faɗa.

Na ƙara sauka zuwa wajen 480. Na jan ƙarfe bai buɗe ba sam, tsinin ya lanƙwashe gefe, harsashin ya juya ya fita ta gefen tubali ya shige tudu. Na haƙa na kusan rabin awa kafin in same shi. In ban da zanen bututu a jikinsa da lanƙwasar baki, sai a ce ba a harba shi ba.

22 ga Maris

Dattijon da ya koya mini ɗura harsashi ya zo ya ga abin da na tara. Na jera masa su a faranti, kowanne da takardarsa. Ya ɗauki lanƙwasasshen ya juya shi a yatsu.

"Ɗana, wannan da ka rage wa albarushi, tafiyarsa kaɗai ka rage, ko har da juyinsa?"

Na yi shiru. Na ce, "Baba, ku ƙara mini bayani."

Ya ce harsashi yana fita ne yana juyi kamar katantanwa, saboda murɗaɗɗen zanen cikin bututu. Iska tana cin tafiyarsa da sauri, amma juyin a hankali take rage shi. Don haka wanda ya yi tafiyar mita 400 ya iso a gajiye, har yanzu yana juyi kusan yadda ya baro gida. Nawa kuwa tun daga baki yake da kasala a duka biyun.

Bayan ya tafi na lissafa. Bututuna yana juya harsashi sau ɗaya a kowane inci 10, wato santimita 25.4. A gudun 830, juyi kusan 196,000 ke nan a minti. A gudun 550 daga baki, 130,000 kawai. Kashi ɗaya cikin uku ya tafi. Juyi shi ke riƙe tsini a gaba, kuma dogon harsashi irin na jan ƙarfe ya fi kowa bukatarsa. Yana yiwuwa wanda ya fita ta gefen tubali bai iso a miƙe ba tun farko, ruwan bai samu shiga ramin ba. Sakamakon 15 ga Maris ke nan akwai alamar tambaya a kansa, musamman na 480. Ban soke shi ba, amma na ja layi a ƙarƙashinsa da jan biro.

5 ga Afrilu

Babu mafita sai harbi daga nisan gaskiya. Lissafina ya nuna daga 830, harsasan nan suna saukowa 550 a mita 400 da 'yan kai, don haka can na kai tubalan, cikin akwatin ƙanƙara, da sassafe kafin iska ta taso. Samun fuskar santimita 15 daga mita 400 ba wasa ba ne. Na fara da takarda har sai da na tabbatar da inda kowane iri yake sauka, duk da haka biyu sun ci gefe sun fice. Wannan kansa ya ba ni abin tunani, domin wurin da ake nema a ƙirjin barewa bai fi haka girma da yawa ba.

Masu dalma ukun kusan abin da na gani a Maris suka maimaita. Na jan ƙarfe ya tafi a miƙe wannan karon, kuma kunnuwansa sun ɗan fi kwanciya, ke nan Baba yana da gaskiya. Amma bambancin bai kai ya sauya hukuncin ba: har yanzu buɗewar kan ba ta kai rabin wadda yake yi a cikakken gudu ba. Harbi biyu kacal na samu da shi a wannan nisa, kuma biyu ba su isa a kafa magana ba. Na matso mita 300, inda gudun ke wajen 630, sai ga kunnuwan sun kwanta sosai.

A bindigata, da wannan harsashi, na sa iyakata a mita 300. Mai son jan ƙarfe kuma yana son nisa, abin da ya fi dacewa da shi ya ɗauki mara nauyi, kamar giren 130, don ya samu ƙarin gudu, tunda ba ya zubar da nauyi a hanya. Akwai kuma masu tsinin roba da ke da faffaɗan rami a ƙarƙashinsa, waɗanda aka yi don su buɗe da wuri. Ban gwada ko ɗaya daga cikinsu ba tukuna.

19 ga Afrilu

Na narkar da tubalin 9 ga Fabrairu na tace shi da farin ƙyalle. Abin da ya rage a ƙyallen gari ne mai toka, da 'yan ɓarɓashi, wasu ba a ganinsu sai an karkata su ga haske. Wannan dalmar da a nama take, ba wuƙar da za ta tsince ta, kuma kayan cikin da aka bari a daji ungulu da sauran masu cin mushe ne za su ɗauka. Irin wannan ne ya sa jihar Kalifoniya ta Amurka ta hana farauta da harsashin dalma gaba ɗaya daga 1 ga Yuli 2019. Shi ya sa duk da abin da ya faru da barewa ta biyu ban yar da jan ƙarfe ba. Laifin nawa ne da na kai shi inda ba shi da ƙarfin buɗewa.

Babban abin da ya rage shi ne jalatin ba shi da fata, ba shi da ƙashi. Gashi da fata suna iya toshe siririn rami, ƙashi kuma yana iya buɗe harsashin da ruwa ya gagara buɗewa, ko ya fasa wanda da ruwa kaɗai ne da ya tsira. Na samo fata mai gashi da allon kafaɗa biyu, suna cikin firiji. Zan zuba sabon jalatin in binne ƙashin a santimita biyar daga fuska, in ɗaure fatar a gaba. Zan fara da na yau da kullum a mita 50, inda aka faro, sannan na jan ƙarfe a 300. Tubalan za su yi ƙarfi zuwa jibi.